Agogon Saman Shafi

Briqueterie, Yaoundé
Farkon Shawwal

Yaya Umair,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi Sallah lafiya, kai da Anti Mu'mina da sauran mutanen Kaduna. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat, jar ƙasa ta gangaro har bakin shago. Ƙafar Baba ta yi sauƙi. Yana gaishe ka, ya ce in tuna maka kakanka da kakana ciki ɗaya suka fito, iyaka ce kawai ta shiga tsakani.

Ka ce in daina turo maka saƙon murya, wai rabin maganata Faransanci ce ba ka ganewa. To ga shi na zauna na rubuta.

Shafin intanet na awo da muka gina wa shagon ɗinkin Baba yana aiki. Duk wanda ya kawo yadi sai in sa a jaka in rubuta lamba, in shigar da awonsa. Baba ya taɓa lambar a waya, awo ya buɗe da manyan baƙaƙe, ya yanka. Ya daina laluben tsoffin takardu. Har teloli maƙwabta yake kira ya nuna musu, yana cewa 'ya'yansa ne suka yi, ɗaya a nan ɗaya a Najeriya.

Amma akwai matsala, kuma gara ka ji tun Babbar Sallah ba ta matso ba. Wayar Baba tana zafi kamar dutsen guga, caji ba ya kai azahar. In ina rubuta awo, sai na danna lamba na jira kafin ta fito. Jerin jakunkuna kuma yana rawa.

Na bi abin a hankali, na gano agogon nan ne da ka sa a sama, mai ƙirga lokacin da ya rage a karɓi kaya. Ka ajiye lokacin a uwar shafin. Kowane sakan agogo ya motsa, uwa ta sake zana kanta, 'ya'yanta duka su bi ta, har layin wanda ya karɓi rigarsa tun bara. Babu abin da ya canza a jikinsu, amma sai an sake zana su. Bayan haka ka sa jerin ya riƙa sake tsaruwa da kansa, mai gaggawa ya hau sama, kuma layukan ka shaida su da matsayinsu a jeri, ba da lambar jaka ba. Ina jin tsoron wata rana yatsa ya nufi wani layi ya sauka a kan wani.

Ka duba, don Allah. In ba ka da lokaci, ka ba ni izini in gyara.

Ƙanwarka,
Jaratu

Kaduna
Tsakiyar Shawwal

Ƙanwata Jaratu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Mu'mina ta yi ɗan zazzaɓi amma ta warware. Ki gaishe da Baffa Ilyas da kyau, Allah Ya ƙara masa sauƙi.

Na karanta dogon bayaninki. Rubutunki ya fi muryarki fita, ki ci gaba da haka.

Maganar sake zane, kada ki ɗaga hankalinki. Haka aka gina irin waɗannan kayan aiki, suna sake zane su kwatanta da na baya, abin da ya bambanta kawai suke canzawa. A kwamfutata shafin yana gudu babu ko gargada. Matsalar wayar Baffa ce, ta tsufa. Ki lallaɓa shi ya canza.

Agogon kuwa ina so ki bar shi. Na nuna wa shugabana a ofis, shi ne abin da ya fara burge shi, ya ce shafin kamar mai rai. Akwai maganar a nuna wa wasu manyan masu ɗinki a Abuja bayan Sallah. Don haka ma na sa sunayenmu a saman shafin, kusa da agogon, nawa da naki. Ki duba ki gani, ya yi kyau.

Ba na raina iliminki, na san kin yi karatu a nan wurinku. Amma na riga ki shiga aikin nan, kuma na sha ganin masu farawa suna ɓata lokaci wajen gyaran abin da bai lalace ba. In kina so ki taɓa ƙananan abubuwa, ki taɓa, mabuɗin sabar, na'urar da shafin yake zaune a kai, yana hannunki.

Yayanki,
Umair

Briqueterie
Ƙarshen Shawwal

Yaya Umair,

Sallama da gaisuwa. Duk muna lafiya, a gaishe da Anti. A gurguje nake rubutu, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun safe, batirin ordinatè, kwamfutata ke nan, ya kusa mutuwa.

Wayar Baba irinta ce a hannun kowane tela a nan unguwarmu Brik da kasuwar Mokolo, don su aka yi shafin. Tun da ka ce in taɓa, na taɓa. Kowane layi yanzu lambar jakarsa ce shaidarsa, kuma ba a sake zana shi sai awonsa ko ranarsa ta canza. Jeri ba ya tsaruwa sai an danna. Na cire naka daga sama, na ware shi gefe shi kaɗai, yanzu komai yana tafiya daidai. Waya ta huce, Baba ya wuni yana aiki caji bai ƙare ba.

Kaya sun fara shigowa kamar ruwa. Zan rubuto a tsanake in wuta ta dawo.

Jaratu

Kaduna
Farkon Zulƙida

Jaratu,

Sallama. Muna lafiya.

Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya don kada in yi miki mummunar fahimta, amma magana a fili take. Na faɗa miki na sa sunayenmu a sama, kin amsa mini da cewa kin cire nawa kin ware shi gefe, kuma yanzu komai yana tafiya daidai. Wato ni ne abin da ya hana shi tafiya.

Ni na kawo shawarar shafin nan ranar da muka haɗu a bikin Saliha a Garwa. Ni nake riƙe da sabar. Ban taɓa zaton 'yar'uwata za ta jira sai maganar Abuja ta taso sannan ta share ni ba.

Ban ma buɗe naki ba. Na mayar da shafin yadda na bar shi, na kuma canza mabuɗi. Baffa zai ci gaba da amfani da shi kamar da, ke ma za ki iya shigar da awo, amma gyara ya tsaya sai na dawo. Ofis sun tura ni kwas Legas, ba zan samu sukunin duba saƙo ba. Bayan Sallah ma yi magana.

Umair

Briqueterie
Zulƙida

Yaya Umair,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa ka sauka Legas lafiya. Baba lafiya, sai gajiyar aiki. Na kira ka ba ka ɗauka ba, na kira Anti Mu'mina ta ce ka hana a dame ka.

Wallahi agogo nake nufi. Agogonka na cire daga uwar shafin na mayar da shi ɗan gutsurensa shi kaɗai, don in ya motsa kada ya ja sauran. Yana nan a sama yana ƙirgensa, ido ba zai ga bambanci ba. Sunanka ban taɓa ko wasali ɗaya ba. Da ka buɗe sau ɗaya da ka gani. Na yarda na yi rubutun a gaggauce, ka yafe mini wannan.

Amma ka maido mini da mabuɗi, ko ka mayar da gyarana da hannunka. Yanzu jakunkuna sun ninka na da, jerin ya yi tsawo, rawar ta fi ta farko. Jiya a gabana Baba ya nufi wata lamba, jeri ya yi tsalle, awon wani ya buɗe. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce zai riƙa lura. Sunan mai kaya ƙanana ne a can ƙasa, ka sani, mun manyanta awo ne kawai.

Na so in kwafe awon duka a takarda, na fara, amma aikina na ofis yana can cikin gari, sai yamma nake dawowa, masu kawo kaya kuwa ba sa jira. Na so in kafa shafin a wani wuri, amma awon mutane yana cikin sabar da ka kulle.

Ka yi fushi da ni yadda kake so. Baba ne yake riƙe da almakashi.

Ƙanwarka,
Jaratu

Briqueterie
Bayan Babbar Sallah

Yaya Umair,

Sallama. Ban san ko kana karantawa ba. Mun yi Sallah. Jikin kowa lafiya.

Akwai wani dillalin shanu a unguwar Etoudi, Alhaji Abdulgaffar, tun yana saurayi Baba yake masa ɗinki. Ya aiko da farar shadda a yi masa babbar riga. Ni na karɓa daga hannun direbansa, na sa a jaka na rubuta lamba, na wuce ofis. Ban san labarin shaddar ba sai daga baya. Matarsa ce ta sayo masa a hajjinta na ƙarshe, ta dawo ba ta daɗe ba ta rasu. Ya ajiye ta shekaru bai iya buɗewa ba, sai bana 'ya'yansa suka matsa masa.

Baba ya ɗauki jakar, ya taɓa lambar, awo ya buɗe. Awon wani malamin makaranta ne a unguwar Nkomkana, Nu'man, siriri kamar sanda, kaftani ya kawo a yi masa. Farar shadda ta cika shagon a makon, jaka ba ta faɗin mai ita. Baba ya yanka.

Da Alhaji ya zo karɓa ina nan. Lokacin la'asar ne, hayaƙin masu soya, wato tsire, ya fara tashi, teloli duk suna bakin shagunansu. Baba ya zaro kaftanin ya warware, sai ya tsaya. Shi ya fara ganewa kafin kowa. Alhaji ya karɓa ya juya shi, ya shafa bakin yadin inda akwai wani ɗan zare ja da matar ta ɗaura. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Ya ce, "Malam Ilyas, in ido ya gaji, ai sai a faɗa wa mutane." Ya naɗe kaftanin da ragowar ƙyallen, har gutsattsarin da ke ƙasa ya durƙusa ya tsince, ya tafi.

Na bi shi har bakin mota ina cewa laifin waya ne. Ya ce waya ba ta riƙe almakashi, ya ce in koma in kula da mahaifina.

Kafin magariba maganar ta kai Mokolo. Washegari mutane suka fara zuwa karɓar yadinsu da ba a yanka ba, kowa da uzurinsa, wannan tafiya ta taso masa, wancan ya fasa ɗinkin. Baba ya miƙa wa kowa nasa yana yi musu godiya. Sauran da ya rage ya kira Hamadu, wanda ya koya a hannunsa tun da daɗewa har ya buɗe nasa shagon a ƙasan layi, ya ce ya kwashe ya ƙarasa.

Na zaunar da Baba na nuna masa yadda jerin yake tsalle. Ya kalla ya ce shi bai ga komai ba, kuma wannan ma shaida ce cewa idonsa ya gaji. Tun ranar bai buɗe shago ba. Yana zuwa masallaci ta bayan layi.

Abin da na rubuto in faɗa maka ke nan.

Jaratu

Kaduna
Muharram

Ƙanwata Jaratu,

Assalamu alaikum. Barkanmu da sabuwar shekara. Na dawo daga Legas, daga nan aiki ya rufe ni, sai makon nan na zauna na karanta wasiƙunki biyu a jere. Mu'mina tana gaishe ku. Yaya jikin Baffa?

Raina ya ɓaci ƙwarai da abin da ya faru. Allah Ya kiyaye gaba. Na buɗe gyaranki na ga sunana yana nan. Da kin rubuta kalmar agogo tun farko da duk wannan bai faru ba, amma ya wuce. Na mayar da naki, ga sabon mabuɗi na turo miki ta waya.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Na gwada a tsohuwar wayar maigadinmu, ya yi gudu. A zaman Abuja shi na nuna, na yi musu bayanin yadda muka ware agogo muka hana layuka sake zane a banza, har wani ya nemi in koya wa ma'aikatansa. Na ambaci cewa da 'yar'uwata muka yi.

Game da Baffa, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, sunan mai kaya yana kan shafin. Ƙanana ne, amma yana nan. Kuma shekaru sun ja, wataƙila hutun alheri ne gare shi. Ki tambayar mini irin shaddar, akwai masu kawo ta a kasuwar Kwari, sai in aiko a kai wa Alhajin.

Yayanki,
Umair

Briqueterie
Muharram

Yaya Umair,

Sallama. Baba yana cin abinci, yana sallah, ba ya magana sosai. Na kai shi asibitin ido. Likita ta ce tabarau ɗinsa ya ishe shi, idonsa ya fi na wasu samari. Da muka fito ya ce ai ni na riga na haɗa baki da ita.

Ka riƙe shaddarka. Wadda ta sayo waccan tana maƙabarta.

Abu ɗaya nake nema. Ka rubuto wa Baba da kanka, ka ce masa akwai aibu a shafin, an faɗa maka, an gyara, kai ka mayar da aibun ka kulle. Ni 'yarsa ce, yana ganin rufa masa asiri nake yi. Kai namiji ne, kana nesa, kuma yana ganin ka fi ni sanin aikin. Zai yarda da kai. In ka yi sauri, shagon yana nan, mai gidan bai ba kowa ba tukuna.

Jaratu

Kaduna
Rajab

Zuwa ga Baffa Ilyas,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baffa, ina gaisuwa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka gafarce ni da jinkiri, mun samu ƙaruwa, Mu'mina ta haifi namiji, hidima ta yi yawa.

Jaratu ta ba ni labarin abin da ya faru kafin Sallah. Ina so ka sani a lokacin an samu 'yar tangarɗa a na'ura, irin wadda takan faru da kowane sabon aiki, kuma tana iya yiwuwa ta taimaka wajen kuskuren. Yanzu an gyara. Kada ka sa abin a ranka. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Umair

Briqueterie
Ramadan

Yaya Umair,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Allah Ya raya yaro, Ya ba Anti lafiyar shayarwa. Baba ya yi murna da labarin, ya yi masa addu'a mai tsawo.

Na karanta masa wasiƙarka yadda ka rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Na so in ƙara, na fasa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce kai yaro ne mai ladabi, ka ga tsoho ya faɗi ka zo da magana mai daɗi. Ya ce in da gaske na'urar ce, da ka faɗa kai tsaye, ba ka ce tana iya yiwuwa ba. Na naɗe wasiƙar na ajiye.

Shagon ya tafi tun watan Maulidi. Wani mai sayar da caja da fatun waya ne a ciki. Kekunan ɗinkin suna ɗakin baya a gida, Inna ta rufe su da tsohon zane.

Shafin yana aiki lafiya. Hamadu da wasu teloli a layin sun karɓa suna amfani da shi, na kwashe awonsu zuwa sabar da na kama da sunana. Taka tana nan, ka yi yadda kake so da ita. Sunanka ma yana sama inda ka sa shi. In za a sake zama a Abuja ba sai ka ambace ni ba.

Shekaranjiya Inna ta fito da wani yadi ta ce a yi wa Baba kayan Sallah. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin riga a jikinsa wadda ba shi ya ɗinka ba. Na ce in buɗe masa keke ɗaya, ya ce a'a, in raka shi wurin Hamadu.

Muka je da hantsi. Hamadu ya miƙe tsaye yana rantsuwa ba zai auna malaminsa ba, ya ce Baba ya faɗi awon kawai a rubuta. Baba ya ce a auna shi kamar kowa. Ya tsaya a tsakiyar shagon ya buɗe hannuwa. Hamadu ya ɗora tef ɗin awo a kafaɗa, ya fara daga inda bai kamata ba, ya sauko da shi ƙasa da ƙashin. Ni ma da ban taɓa yanka yadi ba sai da na ga kuskuren. Baba ma ya ji, na ga kafaɗar ta ɗan motsa, na ga bakinsa ya buɗe. Na jira ya gyara masa.

Ya rufe bakin. Hamadu ya faɗi lambar, ni na shigar a waya. Baba ya ce, "Allah Ya yi maka albarka," ya nemi takalmansa.

Na rubuta awon yadda aka faɗa. Rigar za ta zo da faɗi a kafaɗa, kuma na san zai sa ta ya je Idi.

A gaishe da mutanen gida.

Jaratu